Baba Mai Aski a Ɗakin Likitar Surutu

"Ni fa ba mahaukaci ba ne," in ji Baba Mai Aski, ƙafa ɗaya a cikin ɗakin, ɗaya a waje. "Wucewa nake yi, na ji ƙarar fanka."

"Shigo ka sha iska, Baba," in ji Auta.

Ya waiga dama, ya waiga hagu kamar mai shirin satar kaza, sannan ya faɗo ciki ya tura ƙofa da diddige.

Ɗakin yana can ƙarshen barandar asibitin unguwa, kuma da can ma'ajiyar bokitai ce da tsintsiyoyi. Da Auta ta gama karatun ilimin halayyar ɗan Adam, an yi mata tayin aiki a wani asibitin masu hali, ta ƙi, ta ce a unguwar da aka haife ta ma akwai masu kwana ido biyu, ba su da wanda za su gaya wa. Shugaban asibitin ya ba ta ɗakin da sharaɗi: in mutane ba su zo ba, bokitai za su dawo mazauninsu. Ta share, ta sa labule da kujeru biyu, ta zauna jira. Unguwa kuwa tuni ta yanke hukunci cewa likitar mahaukata ce. Masu jiran allura har janye bencinsu suke yi daga ƙofarta. Mace ɗaya ce ta taɓa leƙowa, ita ma so take a duba mata abin da mijinta ke ƙullawa a ransa. Ko uwar Auta cewa take, "Shekara da shekaru ana karatu, ko allura ba ki iya ba."

Baba Mai Aski maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Shagonsa na bakin layi, kuma kowa ya san kan da aka fara askewa da hantsi ba ya kammaluwa sai rana ta take, saboda labari. Shi ya raɗa wa Auta suna Likitar Surutu. Matarsa kuwa, wadda kowa ke kira Gwaggo, shi Gwamnati yake ce mata.

Ya zauna ya kafe Auta da ido. "To, in karatun naki na gaske ne, gaya mini me nake tunani yanzu."

"Kana tunanin ko wani ya ga shigowarka."

"Kai! Yarinyar nan, a yi hankali da ke."

Daga nan ya ɓalle. Ya yi tsadar reza, ya yi samarin zamani masu kawo hoton aski a waya, ya yi wani mai sanƙo da ke biyan kuɗin aski don kawai a riƙa ganinsa a shago. Auta na saurare. Ta lura rigarsa ta yi masa yawa, wuyan na lilo, kuma duk sa'ad da ya yi dariya sai hannunsa ya tafi gefen cikinsa na dama. Ya tafi, washegari ya dawo shan fanka, jibi ma haka.

Ran nan labari ya ƙare masa a tsakiya. Ya yi shiru, ita ma ta yi shiru. Fanka na ta juyawa.

"Wannan shirun ma a makaranta aka koya miki?"

"Har jarrabawarsa aka yi mana."

Ya yi 'yar dariya. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Hanta ce," in ji shi. "Likitan babban asibiti ya ce an makara. Ya yi ta kewaye-kewaye, na ce masa, ɗana, ni ma na saba gaya wa mutum gashinsa ba zai dawo ba, faɗi kawai." Ya ɗago yatsa. "Amma kada Gwamnati ta ji. Na ce mata gyambon ciki ne. Maganin ma a gwangwanin hoda nake ɓoyewa a shago."

"Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake zama, Baba. Amma me kake gudu in ta ji?"

"Hawan jini gare ta."

Auta ta jira.

"To, na ji. In ta sani za ta daina yi mini faɗa. Za ta koma sannu Malam, a kawo maka ruwa Malam. Ni kuwa ranar da matar nan ta yi mini magana da taushi, ranar na mutu, ko da ina numfashi."

Da la'asar ɗin ranar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mata ce ta ja mayafi har kan hanci, ta ce banɗaki take nema.

"Sannu da zuwa, Gwaggo."

"Wa ya ce miki ni ce?" Ta shigo, ta zauna a kujerar da mijinta ya tashi, ta yaye mayafin. "'Yar nan, an ce ke ba kya kai magana gaba. Ko ga uwarki?"

"Ko ga uwata."

"To tsohon nan tafiya zai yi." Muryarta ta karye, ta gyara ta da tari. "Na je share masa shago na ga ƙwayoyi a gwangwanin hoda. Wane mai hankali ne ke ajiye magani a hoda? Na kai wa mai kemis, ya duba, ya kasa haɗa ido da ni. Shi kuwa bawan Allah bai san komai ba, gani yake gyambon ciki ne. Kada ya ji. Mutumin da ke suma in ya ga allura! In ya sani, rufe shago zai yi ya kwanta, shi ke nan."

Auta ta gyara zama. A makaranta an koya musu riƙon sirri, amma ba wanda ya ce wata rana za a ba ta sirri ɗaya sau biyu, kowa na ɓoye wa mai shi.

Haka aka shiga. Baba da safe, Gwaggo da la'asar. In Auta ta haɗu da Baba a layi sai ya kashe mata ido, in ta haɗu da Gwaggo a famfo sai ta ɗora yatsa a leɓe. A gida kuma ta katanga tana jin wasan da suke yi wa juna. Baba na yabon abinci da ƙarfi, "Kai, yau kam na ci har na gode Allah!" alhali Auta ta san kyanwar gidan ce ke ƙiba. Gwaggo na zuba faɗa kan takalmin da ya bari a tsakar gida, sannan ta zagaya bayan ɗaki ta fyace hanci.

Uwar Auta ta kasa haƙuri. "Na ga matar Mai Aski ta fito daga wajenki. Kan nata ne ya taɓu?"

"Banɗaki ta zo nema, Inna."

"Kullum?"

Sau da yawa maganar na zuwa wa Auta har bakin leɓe. Kalma ɗaya za ta warware komai, amma in ta faɗe ta, ɗakin nan ya tashi daga aiki, gara a dawo da bokitan. Sai ta bi ta hanyar da ta iya. Ta tambayi Baba abin da yake so Gwaggo ta sani kafin lokaci ya ƙure. Ya ce yana so ta san inda ya ajiye takardun shago. Auta ta jira. Ya ce kuma yana so ta san cewa tun ranar da ya fara ganinta tana zagin wani mai keke da ya fantsama mata taɓo, bai sake kallon wata ba. Auta ta ce to ya gwada faɗa, kamar Gwaggo ce zaune a kujerar nan. Ya kalli kujerar, ya gyara hula, ya ce, "Ranki ya daɗe," ya kasa ci gaba. Gwaggo kuwa da aka ce ta gwada, sai ta fara yi wa kujerar faɗa.

Abin da ya kasa faɗuwa da shiri, ƙafa ce ta kawo shi. Tafiya ta fara yi wa Baba wuya, ran nan bai iso ba sai bayan azahar. Yana tsakiyar magana aka ƙwanƙwasa.

"'Yar nan, kina ciki?"

Auta ba ta taɓa ganin marar lafiya ya yi sauri irin haka ba. Kafin ta miƙe, ya shige bayan labulen kusurwa, inda ragowar bokitan suke jibge.

"Baba, fito," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba zan bari ta yi magana kana laɓe ba."

"Ki ce ba kowa!"

Ta buɗe ƙofa kaɗan ta tare da jikinta. "Gwaggo, akwai mutum a ciki. Ki ɗan jira a benci."

Sai ga ƙarar bokiti, ƙwal, ya gangaro har tsakiyar ɗaki. Tari ya biyo baya.

Gwaggo ta karkata kai. "Wannan tarin, ko a kasuwa na ji shi na san mai shi." Ta ture Auta ta yaye labulen. Baba na tsaye, tsintsiya a hannu.

"Fanka na zo sha," in ji shi.

"A bayan labule?"

"Ke me ya kawo ki?"

Suka tsaya suna kallon juna. Auta ta ga lokacin da abin ya sauka a fuskar kowannensu.

"Ka sani," in ji Gwaggo.

"Kin sani?"

"Tun yaushe?"

"Ke tun yaushe?"

"Au, wato kana sane ka bar ni ina ta hura wuta ina dafa wa kyanwa abinci? Ka mai da ni sakarya a gidana? Magani a cikin hoda! Wa ya ce maka ban iya shara ba?"

Auta ta nufi ƙofa. "Bari in ba ku wuri."

"Zauna!" suka ce tare.

Ta zauna a kan bokitin da ya kife, su suka ɗauki kujerun. Gwaggo ta yi faɗa har ta gaji, Baba na sauraro ido a lumshe, kamar mai jin waƙa. Da ta tsaya numfashi ya ce, "Alƙawari ɗaya za ki yi mini. Kada ki rage ko kaɗan."

"Rage me?"

"Wannan."

Gwaggo ta miƙa hannu ta karɓe tsintsiyar da har yanzu ke hannunsa, ta jingine ta a bango. Hawaye na zuba, ta ce, "Dubi wuyan rigarka. Kamar wanda ba shi da mata."

Bai rufe shago ba. Hannunsa ya daina riƙe reza, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Ya ɗauki wani matashin mai aski aiki, shi kuma ya zauna a kujerar gefe da matashi a bayansa yana duba kawunan jama'a.

"Kai direba, kan nan naka ba aski yake so ba, daga ciki abin yake. Tun haɗarin nan ba ka barci, idonka ya nuna. Je ka ga Likitar Surutu."

"Haba Baba, ni mahaukaci ne?"

"Ni da nake zuwa kullum, ka ga na cire wando a titi?"

Direban ya zo, ya ce adireshi yake tambaya. Bayansa mai kanti ya zo, wanda ɗansa ya daina magana da kowa. Sai wata mai jego da ke kuka ba ta san dalili ba. Kowa da ƙaryar da yake shigowa da ita, Auta kuma ta daina mamaki, sai ta ce, "Shigo ka zauna." Shugaban asibitin da kansa ya sa aka kwashe ragowar bokitan, ya daɗe a bakin ƙofa yana gyaran murya, sannan ya ce shi ma wata rana zai leƙo, don duba fenti.

Wata safiya Auta na wanke fuska a tsakar gida, tana jin Gwaggo ta katanga.

"Shayin nan sau nawa zan ɗumama shi? Ka ɗauka ni ba ni da aikin yi? Kurɓa ɗaya aka ce ka yi, ba a ce ka shanye kogi ba. Malam, da kai nake. In ka ga dama ka yi ta yi mini kunnen..."

Maganar ta tsaya nan. Auta ta tsaya da ruwa a tafin hannu, tana jira a ci gaba. Ba a ci gaba ba.

Mutane sun cika layin. Kusan duk namijin da ya zo ta'aziyya ya taɓa zama ƙarƙashin rezarsa, kuma kowa da labarin da Baba ya fara masa bai ƙarasa ba. Ana share hawaye ana ƙunshe dariya. Gwaggo na zaune a tsakiyar mata, tana amsa gaisuwa, tana gyara wa masu raba ruwa kuskurensu. Kwanaki suka wuce ba wanda ya ga ta runtsa.

Da baƙi suka ragu, Auta ta shiga da rana tsaka. Ta sami Gwaggo ita kaɗai a bakin ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, idanunta sun yi jajir.

"Kada ki tambaye ni yadda nake ji."

"Ba zan tambaya ba, Gwaggo."

"Yawwa. Matso, kin tsaya mini a ka kamar sanda."

Auta ta zauna kusa da ita. Gwaggo ta fara bayanin wata maƙwabciya da ta zo gaisuwa ta tafi da murfin tukunya, ta ce gobe za ta aika a karɓo, ta ce mutane ba su da ta ido. Muryar ta riƙa yin ƙasa. Can Auta ta ji nauyi a kafaɗarta, sai ga minshari siriri.

Uwar Auta ta leƙo daga zaure za ta yi kira, Auta ta girgiza mata kai. Hannun Auta ya fara sagewa tun daga kafaɗa har yatsu, ƙuda ya sauka a goshinta, ba ta kore shi ba. Inuwar katanga ta taso a hankali ta rufe ƙafafunsu.