Shekara Bakwai da Baba Ya Rage

…kuma wai sauƙi aka yi mini. Sauƙi! "Ya Bakri, rabin dawam, awa huɗu ka koma gida," in ji mudir, shugaban wurin aikinmu, har da dafa mini kafaɗa. Albashi ya koma rabi, alawus ɗin tuƙi sun zare shi. Na sa hannu. Me zan ce? Wata goma sha huɗu suka rage in cika shekarun aiki in karɓi fanshona cikakke. In na sauka yau guntu za a ba ni, ni da matata Sabuwa mu ci me?

Baba, Allah ya ji ƙanka, amma kai ka ja mini. Ranar da ka je yi mana takardu ka zabge mini shekara bakwai, wai don makaranta ta karɓe ni. Takarda ta ce hamsin da tara. Gwiwata ta san sittin da shida ne. Idona kuwa…

A'a. Ko Sabuwa ban gaya wa ba. Jiya ta miƙo mini shayi, na kai hannu na damƙi iska. Ta kama hannuna ta sa mini kofin a ciki.

Na ɗauka aikin safe za a bar mini, lokacin da nake gani tangaran. Sai ga jadawali: la'asar zuwa isha. Ga ni da bas ɗin ma'aikata, mutum sha takwas a bayana, wata tana waya da 'yarta tana cewa a ɗora shinkafa. Mun doshi Bi'ir Ali, wurin ɗaura harami a bakin garin nan namu na Madina, magariba ta kawo jiki.

Fararen can… alhazai ne cikin harami, ko hasken fitilu? Hagu duk hazo. Tun Rajab yake matsowa tsakiya.

In je wa likitan ma'aikata? Kashegari an karɓe makulli. In ce shekaruna ba haka suke ba? To wa ya yi wa hukuma ƙarya? Kana kwance a maƙabartar Baƙi'a in tona maka asiri?

Wallahi tsoro nake ji, Baba.

Danja. Kullum motar gabana nake bi, ta tsaya in tsaya, ta tashi in tashi. Yau ni ne a gaba, ba kowa. Ana ta danna hon — ni ake wa, ko wani? Ja ce? Kore ce? In juya in tambayi na bayana, shi ke nan, sun sani…

Ƙafata na kan birki. Na gaji. Ga ta nan tana ɗagawa.