Giginya Bakwai da Turakun Bature

Armaya'u ɗana ne na fari. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi, ba ya yi masa magana ido da ido. Haka ubana ya yi da ni. In ina da saƙo, ƙanwata Marka ke kai masa. Ya yi boko, ya zama akawu a Tambuwal. Ni dai na tsaya a ajin yaƙi da jahilci, kuma ya ishe ni.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, da aka gama girbi, na je fadamata a gabashin Kebbe na tarar da turaku masu jan fenti a kafe. Fadamar kakana ce. Giginya bakwai ne a cikinta, da rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Daga nesa na hango Bature mai awon ƙasa, da wani a gefensa riƙe da takarda yana gyaɗa kai. Na gane tafiyar. Ɗana ne. Turanci suke yi, har da dariya.

Na aika Marka wurin ɗana. Ta dawo ta ce, "Yaya, ya ce gonar gwaji za a yi. A takarda an rubuta wurin daji ne, babu mai shi. Bature zai dawo bayan wata biyu ya ji ta bakinka."

"Wa ka yi mai tafinta?"

Ta sunkuyar da kai. "Shi ɗin."

To. Ba zan yi magana da shi ba, kuma ban yarda da abin da zai juya ba. Mutumin da ya yi dariya a kan turakun nan, me zai hana shi ya ce na yafe?

Washegari da la'asar na je wurin Malam Namadi, malamin makarantar garinmu. Na ce ya koya mini Turanci.

Ya ce, "Baba Giɗaɗo, duka nai?"

"Wanda za ni kare fadama da shi. Sauran ka riƙe abinka."

Muka fara a zaurensa, ƙofa a rufe. Ya koya mini gaisuwa da ƙirga. Ya koya mini "kam", wato zo, da "sit dawun", wato zauna. Harshena ya yi nauyi. Kalma takan shiga da la'asar ta fice kafin asuba. Na riƙa maimaitawa a hanyar gona, jakina yana kaɗa kunne.

A mako na uku Malam Namadi ya fito da wata takarda daga aljihu. Ya ce in haddace magana huɗu: wannan gonata ce, kakana ya haƙa rijiyar nan, giginya takwas ya shuka amma aradu ta kashe ɗaya, ban yarda ba.

Na dube shi. Malam Namadi mutumin Jabo ne, bai yi shekara uku a Kebbe ba. Giginyar nan ta faɗi tun kafin a haife shi.

"Wa ya gaya maka zancen aradu?"

"Ai sananne ne, Baba."

"Ƙarya kaka yi. Miƙo takardar."

Ya miƙo. Ban iya karanta Turanci ba, amma na san hannun. Irinsa ne a kan wasiƙun da ke zuwa wa Marka daga Tambuwal.

Ya ce, "Shi ya aiko. Ya ce kada in faɗi. Ya ce in maganar ta fito daga bakinai, Bature zai ce ɗa ne ke kare ubanai. Daga bakinka aka so ta fito."

Na tashi ban yi sallama ba. Abin da ya dame ni guda ne. Na san ma'anar da Malam Namadi ya faɗa mini. Ban san ma'anar da Bature zai ji ba. Ana iya sa mini "na ba ku" a baki in haɗiye ina murna.

Ranar kasuwar Dogon Daji na hau jaki. Akwai malamin asibiti a can, baƙo ne, bai san ni ba, bai san ɗana ba. Na bi layin masu ciwo har aka zo kaina.

"Tsoho, ina ke ciwo?"

Na miƙe na ce, "Dis is mai fam."

Ya dubi ɗakin, ya dube ni. "Nan asibiti ne, Baba, ba gonarka ba."

"Madalla. Saurari ta biyu."

Na zuba masa duka huɗun. Ya fassara su ɗaya bayan ɗaya yana riƙe ciki don dariya. Rijiya ta fito rijiya. Aradu ta fito aradu. Ban yarda ba ta fito ban yarda ba. Na juyo gida. Jakin ya yi ta tsayawa cin ciyawa, ban doke shi ba.

Da wata biyun suka cika, Bature ya zo da hantsi, ɗana na bayansa. Ban jira tafinta ba. Na tsaya a bakin rijiya na faɗi maganata huɗu da ƙarfi, yadda ake kiran shanu. Bature ya cire hula. Ya leƙa rijiyar, ya ƙirga giginya, ya je ya taɓa kututturen ta takwas da takalminsa. Sai ya juyo ya yi mini wata doguwar tambaya. Nan Turancina ya ƙare.

Ɗana ya fuskanci giginya ya ce, "A gaya wa mai gona, ana tambayar shekara nawa ana noman wurin ga."

Ni ma na dubi giginyar. "A gaya mai, tun kafin Turawa su taho."

Ya juya maganar. Ban gane duka ba, amma gajera ce kamar tawa, kuma na ji "fam" a ciki. Bature ya ja layi a kan takardarsa, ya sa aka tumɓuke turakun, aka kai su tudun arewa inda ba kowa.

Da Bature ya tafi mota, ɗana ya tsaya nesa, kansa a ƙasa. Tabarmata na shimfiɗe a gindin giginya. Da Hausa ba zan iya kiransa ba, ubana ma bai taɓa yi ba. Amma wannan harshen ba a bar mini kunyarsa gado ba.

Na ce, "Kam. Sit dawun."

Ya cire takalmi, ya zauna a can bakin tabarmar.