Maganin da Alhaji Zakari Ya Kai wa Tsahara

Alhaji Zakari, dillalin hatsi na Sabon Gari, mutum ne da in abu ya yi masa daɗi sai duk Maraɗi ta ji. Da likita ya ce ciwon hantarsa, nau'in C, ya warke sarai, har mai kabu-kabun da ya ɗauko shi sai da ya sha labari.

To, ƙanwarsa Tsahara da ke aure a Tsibiri, ita ma an taɓa gaya mata tana da C ɗin. Alhaji ya ce ina amfanin layin asibiti da yawan analiz, wato gwaje-gwajen jini, ga magani ya sani? Ya aika aka sayo masa irin nasa daga ƙetaren iyaka, ya kai mata da hannunsa, yana ta washe baki. Kaico! Shi an auna jininsa ciki da bai kafin a ba shi. Wannan kam bai tuna ba.

Ba a yi wata biyu ba mijinta ya kira: idon Tsahara ya yi ɗorawa, ko kunu ba ya zama a cikinta.

A asibiti likitar da ke duba Tsahara ta ja Alhaji gefe. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ba, amma da ta dube shi sai da ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, wa ya ba ta maganin nan?"

"Ni ne. Ai shi ya warkar da ni."

"An auna ta don nau'in B kafin ta soma?"

Ya girgiza kai.

"Tana da B, yana kwance. C ne ya danne shi. Da magani ya kori C, sai B ya samu fili ya taso wa hanta. Da an sani, da an haɗa mata da nasa maganin tun farko. Yanzu mun soma ba ta, amma hantar ta jigata ƙwarai."

"Za ta tashi?"

"Sai mu yi ta addu'a, Alhaji."

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka gaya masa nasa ciwon. Mutumin da murya ɗaya yake tsayar da manyan motoci a tasha, yau ya kasa ɗaga labulen ɗaki. Da ƙyar ya shiga.

Tsahara na kwance, ciki ya kumbura. Ya durƙusa a bakin gadon.

"Tsahara, ni ne. Yaya jikin?"

Ta daɗe tana kallonsa da idanun nan masu ɗorawa. Ba ta gane shi ba.

"Malam," ta ce a hankali, "in ka shiga Maraɗi ka ga Yaya Zakari, ka ce masa kar ya yi fushi da ni. Wallahi ban tsallake ko ƙwaya ɗaya ba."