Kwalbar Ruwan Unguwar Nomau

A shekarar da kasuwar yuraniyom ta sake tashi, manyan motoci suka cika Arlit, magajin gari ya ƙulla yarjejeniya da wata jami'a ta Sakkwato. Malamanta za su zo su auna ruwan rijiyoyi, unguwar da ruwanta ya fi lalacewa ita za a fara ja wa famfo.

Nomau, mai gadin ofishin magajin gari, shi aka ba kwalbar da za a ɗebo ruwan unguwarsu a ciki. Ɗoki ya hana shi zama. Wata uku ke nan 'yarsa Baraka na fama da ciwon ciki, kuma ya daɗe yana zargin rijiyar unguwar. Da sassafe ya ja ruwan da hannunsa, ya toshe kwalbar, ya sa a jaka, ya shiga wanka.

A zauren taro, Dakta Zayyadu, shugaban baƙin, ya zaro kwalbar daga jakar Nomau ya tsoma na'urarsa.

"Garau! Unguwarku ta yi sa'a, malam."

Nomau ya ƙura wa kwalbar ido. Shi dai jan ruwa ya ɗebo, wannan kuwa fari tas! Ya fita da sauri, ya tarar da matarsa Mairo cikin mata masu leƙe ta taga.

"Mairo, me kika yi wa kwalbar nan?"

"Haba maigida! Mutane su taso tun daga Nijeriya, ka tarbe su da wannan jan ruwa? A ce 'yan Arlit ba su san baƙo ba? Na zubar, na ɗebo musu na famfon gidajen ma'aikatan kamfanin yuraniyom."

Nomau ya dafe kai. A ciki har an fara sa hannu a takardar jerin unguwannin da za a ja wa famfo. Shekara tara yana gadi bai taɓa magana a zauren nan ba, amma ya kutsa.

"Nomau, koma bakin ƙofarka!" in ji Attaher, sakataren magajin gari.

"Ranka ya daɗe, a yi mini aikin gafara. Wannan ba ruwanmu ba ne, ruwan kunya ne." Ya kwashe labarin duka.

Zaure ya kece da dariya. Dakta Zayyadu har da share hawaye.

"Wallahi ko uwargidana haka za ta yi! Ina rijiyar take?"

Bai jira mota ba, ya ɗare bayan babur ɗin Nomau, babbar riga na kaɗawa, motocin manya na bin su a baya. Da kansa ya jefa guga. Ya dubi na'urar, dariyar ta ɗauke. Ya karɓi takardar daga hannun Attaher, ya rubuta sunan unguwar a sama, magajin gari ya sa hannu a kan bakin rijiyar. Mata suka rangaɗa guɗa.

"Kada yarinyar ta ƙara shan wannan," in ji Dakta.

Nomau ya bar babur ɗin a nan, ya ruga gida a ƙafa, ya tuntsurar da randar tsakar gida, yana ƙwala wa Mairo kira ta zo ta nuna masa famfon nan.