Jaririn da Mama Ta Ɓoye

A gidan nan kowa da aikinsa a shekarar coci, amma ɓoye jariri aikin Mama ne ita kaɗai. Da an shiga makonnin jiran Kirsimeti sai a sauko da kwali daga kan kabad, a jera Maryamu da Yusufu da makiyaya da wani jaki mai kunne ɗaya a kan teburin falo, a bar komin dabbobi ba kowa a ciki. Ɗan mutum-mutumin jariri Yesu kuwa, wanda bai fi babban yatsa ba, Mama ke adana shi inda ba wanda ya sani, sai yammacin jajibere ta fito da shi kafin a tafi coci. 'Ya'yanta sun girma suna farautarsa, ba wanda ya taɓa yin sa'a.

Bana ma ta ɓoye shi. Abin da ke cin ran Auta shi ne ba ta da tabbacin Mama ta san inda ta sa.

Auta ce ƙaramar 'yarta, ita ke zaune da ita tana ɗinki a ɗakin gaba, kuma a kan idonta abin ya fara. Cikin azumin kafin Ista, Mama da ba ta taɓa yarda nama ya shiga tukunya ranar Juma'a ba, ta tashi wata Juma'a ta soya kaza. Bayan Ista ta sake lulluɓe gicciyen falo da ƙyalle irin na ƙarshen azumi, sai ka ce labarin tashin Yesu bai iso gidan ba. A watan rosari, watan addu'ar carbi, ta kakare a tsakiyar addu'ar da take yi tun tana yarinya, ta yi tsuru-tsuru da carbi a hannu. Duk Auta ta rufe, ba ta gaya wa kowa ba.

Saboda Yaya ta rufe. Shi ne ɗan fari, irin mutanen nan da ke yanke hukunci tukuna sannan su tambaye ka ra'ayinka. Tuni ya faɗa a waya cewa in 'yar mantuwar da ya lura da ita ta yi yawa, ɗauke Mama zai yi zuwa gidansa can nesa, kusa da babban asibiti. Mama kuwa ta sha faɗa tun da ƙarfinta cewa daga gidan nan sai kabari. Shi ya sa duk ranar da ya kira, Auta ke cewa lafiya lau, tsufa ne kawai.

To ga shi ya iso ranar jajibere da matarsa da yara, ya zauna a kujerar marigayi Baba yana bin Mama da ido duk inda ta gifta.

Auta ta riga ta birkice gidan a ɓoye. Ta duba ƙarƙashin katifa, ta zazzage akwatin zannuwa, ta zura hannu cikin gwangwanayen kicin har da na gishiri. Da ta tambayi Mama a hankali suna wanke-wanke, sai Mama ta yi dariya ta ce ai wannan dabarar ta tsufa, tun suna yara suke gwada ta. Auta ta kasa gane ko wayo ne ko kuwa ita ma ba ta sani ba, tsoro ya ƙara kama ta.

Da rana ta yi sanyi kowa ya yi shirin coci, aka taru a falo, aka kunna kyandirori. Yara suka fara tsalle suna cewa Kaka ta kawo jariri. Mama ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta tsaya a tsakiyar falon tana kallon ƙofar ɗakinta, tana kallon ta kicin. Tsayuwar ta yi tsawo. Auta ta buɗe baki za ta ce ko a bari sai an dawo, Yaya ya ɗaga mata hannu ba tare da ya dube ta ba.

"Ƙyale ta, Auta."

Sai Mama ta juya ta nufi tsohon agogon bango da ya daina aiki tun kafin Baba ya rasu. Ta buɗe 'yar ƙofarsa, ta laluba, ta fito da jariri a naɗe cikin hankici. Yara suka kaure da tafi. Matar Yaya ta ce yau asiri ya tonu, a sake maɓoya baɗi. Auta ta jingina da bango, daɗi ya rufe ta har ta ji kamar ta yi kuka.

Saura kwantar da shi a komi, wannan kuwa kullum ɗan fari ke yi. Yaya ya matso yana murmushi, ya miƙa tafin hannu. Mama ta dube shi sama da ƙasa, ta janye hankicin zuwa ƙirjinta, ta ɗan rusuna masa cikin ladabi.

"Ka yi haƙuri, bawan Allah, ba rowa na yi maka ba. Babban ɗana ne ke sa shi. Yana hanya, mu ɗan jira."

Hannun Yaya ya daɗe a miƙe kafin ya sauke shi. Ya ce to, Mama, a jira shi. Ita kuwa ta zauna ta fuskanci ƙofa da jariri a cinya.

Yaya ya zo ya tsaya gefen Auta. Ta jira faɗa, ta jira ya ce a haɗa kayan Mama, ta ma tanadi amsar da za ta ba shi. Sai ya tambaye ta ƙasa-ƙasa tun yaushe. Ta ce tun azumi.

"Ke fa, tana gane ki?"

"Har yanzu dai."

Ya gyaɗa kai, ya share ido da bayan hannu.

"To ki riƙe ta a nan," in ji shi. "Ba za ta yarda ta bi baƙo ba."