Sharaɗin Kawu

Dogo ba ya rubuta manhaja, shirya ta yake yi. Wasu su rubuta, shi ya ɗauko ya daidaita ta yadda duk mai amfani da babbar manhajar nan ta kyauta, wadda ke tafiyar da kwamfuta, zai iya sauke ta ba wahala. Ba mai biyansa. Gyaran waya yake yi a wani shago mai tsagaggen gilashi. In kasuwa ta lafa sai ya juya ga tsofaffin kwamfutocin da ya jera ƙarƙashin kanta suna ta huci.

Wannan karon ya ɗauko babba: manhajar da ke haɗa tarin kwamfutoci su raba aiki ɗaya a tsakaninsu. Ya yi watanni a kanta. Burinsa ta shiga sabuwar fitowar babbar manhajar kafin a rufe karɓa, da sunansa a jiki.

Sai mai tantancewa ta dawo masa da ita. Bai taɓa ganin matar ba, gajerun saƙonninta kawai ya sani. Ta ce fayil ɗaya ne matsalar, wanda ke rabon aikin. Lasisinsa ya ce kowa ya ɗauka, ya canza, ya sayar ma in ya so, amma duk wanda ya yi amfani da shi ya zo ya gaida marubucin. Dokar masu babbar manhajar ba ta karɓar sharaɗi irin wannan. Ko marubucin ya cire, ko a sake rubuta fayil ɗin daga tushe. Kuma ba Dogo ne zai sake ba, tunda ya riga ya karanta na asalin. Wanda bai taɓa gani ba ake so, kada a ce kwafa ya yi.

Dogo bai cika karanta saman fayil ba, inda ake sa sunan marubuci da lasisi. Ranar ya karanta. Marubucin kawunsa ne, yayan mahaifiyarsa, wanda ya yi aiki a sashen lissafi na jami'a kafin ya yi ritaya. Unguwa ɗaya ce tsakaninsu. Rabonsa da gidan, shi kansa ba zai iya cewa ba.

Ya same shi a baranda, ƙafa kan kujera, fanka a tsaye ba ta juyawa.

"Wa nake gani kamar ɗan ƙanwata?"

"Ni ne, Kawu. Ina wuni?"

"Lafiya lau. Wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To me ya lalace?"

Dogo ya yi bayani, kansa a ƙasa. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya har da tari.

"Fayil ɗin nan yana cikin injinan da ban san iyakarsu ba," in ji shi. "Masu hasashen ruwan sama, masu neman man fetur. Ko mutum ɗaya bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar nan ba. Yau ya kawo min na farko, kai kuma ka ce in cire."

"Layi ɗaya ne fa, Kawu."

"Ai shi ne ya fara aiki yanzu. Je ka dawo, zan yi tunani."

Ya je ya dawo. Ya gyara fankar. Ya sake dawowa, ya canza ƙwan fitilar banɗaki, ya ji labarin kwamfuta mai cika ɗaki, wadda ake cire takalmi kafin a shiga wurinta. Ya ji shi har ya haddace inda ake dariya. Kawu dai yana tunani.

Ana gab da rufe karɓa, Kawu ya sa tabarau ya ce a miƙo masa kwamfutar. Da yatsu biyu ya buga sabon lasisi. Ya yafe wa duniya gaba ɗaya gaisuwar, kowa ya yi abin da ya ga dama. Banda ɗan ƙanwarsa.

Dogo ya ga ba laifi. Ya tura tun yana bakin ƙofa.

Amsar mai tantancewa ba ta daɗe ba. Lasisin da ya ware mutum, ko da ɗaya ne, ba ya shiga.

Dogo ya rubuta mata cewa shi ne mutumin, kuma ya yarda.

Ta ce ta tausaya masa, amma dokar tana kare kowa, har wanda bai nemi a kare shi ba.

Aka rufe. Sabuwar fitowar ta fito, Dogo ya sauke ta a shago, ya nemi sunan manhajar da ya shirya duk da ya san babu. Yana zaune wayarsa ta yi ƙara.

"An fito?" in ji Kawu.

"An fito. Ba ma ciki."

"Ayya. Ta gaba kuma sai yaushe?"

"Da sauran lokaci sosai."

"To madalla, sai in yi tunanin a natse. In za ka taho, ka riƙo sukudireba. Rediyon ma ya fara."