Ƙasar Bayan Gida

Tun da dajin yamma da Wagini ya fi ƙarfin mutane saboda 'yan bindiga, Yaya Mati ya haƙura da babbar gonarmu ta gado. Abin da ya rage masa shi ne ɗan filin bayan gida, da bijimai huɗu da ya turke, don ko kiwo ba a fita da su. Ni ƙanensa ne, ina koyarwa a Batsari, sai ƙarshen mako nake leƙo gida a babur.

Malamin dabbobi ya daina shigowa ƙauye, sai Yaya ya naɗa kansa likita. Ranar kasuwa ya sayo kwalbar allura mai ruwan ɗorawa, ya bi bijiman ya caccaka, mai tari da marar tari, wai riga-kafi. Bayan kwana uku ya ƙara. Na yi magana har bakina ya gaji. Amsarsa kullum ɗaya ce: in sa guda ya faɗi, allinka ne zai tashe shi?

Takin turken kuwa duk bayan gida yake tafiya. Abin da a da ake watsa wa eka biyar, yanzu jaki ke jibge shi mangala bayan mangala a fili ɗaya. Matarsa Uwani ce ta fara lura kashin shanun ba ya ruɓewa da wuri. Yaya ya yi mata dariya, ya ce ƙarfin taki ke nan.

Ranar noman fari fartanya ta sare shi ƙasa da idon sawu. Ya yi abin da Baba ya koya mana: ya ɗebi ƙasar gona, ya yi bisimilla, ya danna a ciwon har jini ya tsaya. Dukanmu haka muka yi muna yara, babu wanda ko zazzaɓi ya yi.

Cikin mako guda ƙafar ta kumbura kamar turmi. Ya sha kafson kemis, shiru. A asibiti aka canza masa allura har kala uku, ciwon sai ci yake, ɗakin na wari. Da muka dangana da Katsina, wata likita ta auna ruwan ciwon, ta ce ƙwayoyin cutar sun riga sun saba da magungunan. Ta tambaya ko yana yawan shan magani.

"Ni kam a'a, likita. Shanuna dai."

Ta ce ba za ta rantse ba, amma maganin da ake yi wa dabba ba duka jikinta ke cinyewa ba, saura yana fita a kashi da fitsari, ya zauna a ƙasa, ƙwayoyin cutar da ke can su taso tare da shi. Ni ne na sa hannu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, kuma har yau abin yana cin raina.

Da bazara na je gida na tarar da Uwani tana ɗora wa jaki mangalar taki. Raina ya ɓaci, na hau faɗa. Yaya yana zaune a tabarma, sandarsa a gefe.

"Ƙyale ta, Mannir. Na daina allurar. Amma wannan takin gare mu, wannan gonar gare mu. Mi za mu ci in ba a zuba ba?"

Na dubi Uwani tsaye cikin takin har idon sawu, ba takalmi, faso ya tsattsaga dugaduganta.